Ke Gida Za Ki Koma, Su Kuwa Baƙunta Za Su Je

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Kano ce, shekarata goma sha shida ke nan a Birmingham ta ƙasar Ingila tare da maigidana. Yaranmu uku, duk a nan na haife su. Babbar mace ce mai shekara 15, tana aji goma a lissafin makarantun nan. Sai namiji mai shekara 11 da zai gama firamare bana, sai auta mai shekara 6. Mahaifiyar maigidana ta manyanta, jiki ya ƙi, shi ne kuma babba a ɗakinsu. Ya yanke shawarar mu tattara mu koma Kano gaba ɗaya da zarar an ba da hutun ƙarshen shekara a watan Yuli. Yana kuma cewa tarbiyyar gida ta fi, musamman ga babbar da ta fara mayar masa da magana. Ni ma Allah ya sani ina kewar gida. Amma tun ranar da aka gaya wa yarinyar ta daina zama cin abinci da mu, ta ce in aka kai ta dole ba za ta yafe mana ba. Hausa kuma suna ji amma ba sa mayarwa. Ban san makarantar da zan sa su ba, ban san yadda za su yi da mutane ba. Na rasa inda zan sa kaina tsakanin miji da 'ya. Ki ba ni shawara don Allah.

Wata uwa daga Birmingham

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka wa maigidanki da alheri bisa niyyarsa. Ɗan da ya ji tsufan uwarsa daga wata duniya ya ce zai bar abin da ya tara ya dawo kusa da ita, ba a ce masa ya yi kuskure. Ban ga laifin komawar ba. Abin da nake jayayya da shi lokacin da aka tsayar ne, da kuma yadda aka gabatar wa yaran da maganar.

Ki fara lura da kalmar da kuke amfani da ita a gidan. Kuna cewa za a koma. Ke da shi ne za ku koma, don kun san ƙamshin ƙasa idan ruwan farko ya sauka, kun san muryar mai kiran sallar unguwarku, kun san gwaggon da ake durƙusa wa da wadda ake wasa da ita. Yaranki ba su bar komai a Kano ba balle su koma su tarar da shi. Abin da za su yi shi ne irin abin da kika yi shekara goma sha shida da suka wuce, ranar da kika sauka a ƙasar da ba ki san kan titinta ba, sanyi na ratsa ki, kina jin magana ba kya kama rabinta. Ki tuna daren farko da kika yi a can. Ke a lokacin babba ce, kuma da yardarki kika tafi. 'Yarki shekararta 15, ba a kuma tambaye ta ba. Idan kika riƙe wannan a zuciya, fushinta zai daina yi miki kama da rashin kunya, za ki gane tsoro ne.

Yanzu ga maganar da nake so ki kai wa maigidanki, don ita ce mafi nauyi a duk wasiƙarki. Kada a cire yarinyar nan daga makaranta a watan Yulin bana. Karatun jarrabawar GCSE, wato jarrabawar sakandare ta Ingila, shekara biyu ne a haɗe, aji goma da aji goma sha ɗaya, ana rubuta ta a watannin Mayu da Yuni na shekara ta biyu, sakamako ya fito a Agusta. Ita ta ci rabin tafiyar. In kuka ɗauke ta yanzu, ta tashi ba takardar can, ta kuma zo nan ta tarar sa'o'inta sun yi nisa a hanyar WAEC da NECO, da wani tsarin darasi, da wasu littattafan adabi, da darussan da ba ta taɓa gani ba. Kuma ɗalibin da zai rubuta WAEC ta cikin makaranta ana tura makin gwaje-gwajensa na shekarun babbar sakandare, shi ya sa makarantar kirki ba ta son karɓar yaro kai tsaye a ajin ƙarshe. Abin da zai faru shi ne a mayar da ita baya da shekara ɗaya ko biyu, ta zauna da ƙannenta, a garin da ba ta da ƙawa ko ɗaya. Na koyar a sakandare shekaru masu yawa, na ga yaran da aka yi wa haka. Masu ƙoƙari ne, amma zuciyarsu ta mutu da karatun, don sun ga an zubar da wahalarsu ba tare da an ko waiwaye su ba.

Shekara ɗaya kacal ake magana. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, fitowar ce aiki. Idan jikin Hajiya ba zai jira ba, shi ya yi gaba a Yulin, ke ki zauna da yaran har a gama jarrabawar. Wannan ma alheri ne ta wata fuskar, don zai samu lokacin neman gida, ya daidaita sana'arsa, ya zaga makarantu da ƙafarsa, ya gyara wuta da ruwa kafin ku iso. Na san raba gida shekara guda ba ƙaramin abu ba ne ga mace da yara uku a ƙasar da ba dangi, kuma kuɗin gida biyu ba wasa ba ne. Amma ki auna shi da abin da za a rasa. Idan zaman naki ba zai yiwu ba ko ta wace hanya, to a nemi makaranta a Kano ko Kaduna ko Abuja da ke shirya ɗalibai wa jarrabawar IGCSE ta Kambirij, wadda ta fi kusa da abin da ta saba, a kuma tabbatar da idonku cewa da gaske suna yi, ba a allon bakin ƙofa kawai aka rubuta ba. Wannan hanya ce ta biyu, ba ta kai ta farko ba.

Bayan ta gama kuma akwai mararraba, gara ku san da ita tun yanzu. In jami'ar gida za ta shiga, Bayero ko Ahmadu Bello ko wata, sai ta rubuta JAMB, kuma ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Tana iya rubuta WAEC ko NECO ta masu zaman kansu da ake yi wajen ƙarshen shekara, don ta samu takardar da ba wanda zai yi mata gardama a kanta. JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, don haka a yi wa yaran duka tun da wuri. In kuwa kuna da burin ta koma Ingila jami'a, ku sani cewa fasfo kaɗai ba ya sa a ɗauke ta a matsayin 'yar gida wajen biyan kuɗi. Ƙa'idar ita ce mutum ya kasance mazaunin ƙasar a shekara ukun da suka gabaci fara karatun. 'Yan gida suna biyan fam dubu tara da ɗoriya a shekara kuma suna da damar rancen karatu, baƙi kuwa suna biyan ninki biyu ko uku daga aljihunsu. Iyaye da yawa ba su san wannan ba sai ranar da takardar kuɗin ta iso. Ku kuma sa a lissafi cewa jami'o'in gwamnati a nan suna fama da yajin aiki; na 2022 wata takwas ya ci. Ban faɗi wannan don in kashe miki gwiwa ba, sai don a yi zaɓin da ido buɗe, kuma a yi shi da ita a zaune a wurin.

Tunda an taɓo takardu, bari in gama da su. Ba ki gaya mini irin izinin zaman da kuke da shi ba. Idan izinin zama na dindindin ne ba ɗan ƙasa ba, yana faɗuwa idan mutum ya yi shekara biyu a jere a wajen Birtaniya. Haihuwa a can kuma tun 1983 ba ta mayar da yaro ɗan ƙasa kai tsaye, sai in ɗaya daga cikin iyaye yana da zama na dindindin ko ɗan ƙasa ne lokacin haihuwar. Amma yaron da aka haifa a can ya yi shekara goman farko na rayuwarsa a ƙasar yana da haƙƙin a yi masa rajista. Manyan biyun sun cika wannan shekarun, autan bai kai ba. Ku zauna da lauyan shige da fice kafin a sayi tikiti. Ta ɓangaren Najeriya ba matsala, tsarin mulkin 1999 ya ɗauki ɗan da iyayensa 'yan Najeriya ne a matsayin ɗan ƙasa ko a ina aka haife shi, ya kuma yarda ya riƙe ƙasa biyu. A yi musu fasfon Najeriya tun kuna can. A sanar da makarantunsu a rubuce, a karɓi rahoton karatun kowane yaro, a haɗa da jan littafin rigakafinsu da takardun haihuwa a jaka ɗaya da ba za ta shiga cikin kayan jirgin ruwa ba.

Na tsakiyan shi ne ya fi dacewa da lokaci. Ko a can ma makaranta zai canza bana, ko a nan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai shiga tare da yaran da su ma baƙi ne a ajin. In an jinkirta shekara ɗaya ya shiga aji biyu, ba asarar da ba ta gyaruwa. Abin da zai ba shi wuya ba Turanci ko kimiyya ba ne. Darasin Hausa ne, da na addini yadda ake koyar da shi a nan, da yawan kwafar rubutu daga allo, da haddace abu a mayar da shi yadda malam ya faɗa. Yaron da aka saba ce masa me kake gani, zai zo inda ake ce masa me na ce. A samo masa malami a gida na wata shida, ya wadatar. Autan kuwa kada ki sa shi a ranki. Kafin azumi biyu zai riƙa gyara miki Hausa.

Akwai abin da nake so ki tambaya a kowace makaranta da kowace Islamiyya kafin ki biya ko sisi: shin ana dukan yara? Ki tambaya kai tsaye, ki kuma tambayi iyayen da ke bakin ƙofa lokacin tashi. A wata makaranta da na taɓa koyarwa an kawo mana wani yaro da ya taso a waje. Satinsa na farko wani malami ya yi masa bulala saboda yana yi masa faɗa yaron yana kallon ƙwayar idonsa. A inda ya taso, kallon idon malami shi ne ladabi, sunkuyar da kai alamar rashin gaskiya ce. Yaron nan bai san laifinsa ba, ya yi wata biyu ba ya buɗe baki a aji. Har yau abin yana ci mini rai, don da an zaunar da shi minti biyar an yi masa bayani da ba a kai ga haka ba. Saboda haka wannan bayanin aikinki ne, ki fara shi tun yau. Yadda ake gaida babba a rusuna, yadda ake jera gaisuwa ba a yanke ta da kalma ɗaya, miƙa abu da karɓa da hannun dama, rashin kiran babba da sunansa tsirara, cire takalmi a ƙofar ɗaki, da cewa in an ba ka abinci a gidan dangi ko ba ka so ka taɓa. Ki koya musu kamar yadda ake koya wa wanda ake so ya yi fice, kada ki yi musu kamar ana gyara ɓatattu.

Makarantar kwana kuma a ajiye maganarta, aƙalla shekarar farko. Na san za a ba ku wannan shawarar, za a ce can ne za su goge su zama 'yan gida. Yaron da ya rasa ƙasarsa da abokansa a wata ɗaya bai kamata ya rasa uwarsa a wata na biyu ba. Ga kuma satar ɗaliban makarantun kwana da duk muka gani a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021. Su riƙa kwana a gabanki, ki ga fuskarsu kullum da yamma.

Maganar harshe, ki daina jin kunyarta. Yaran da ke ji ba sa mayarwa Hausar tana cikinsu, bakin ne bai saba ba, kuma abin da ke ɗaure shi dariya ce. Za a yi musu ita. Za a kira su Turawa, a sa su maimaita kalma don a ƙyalƙyale. Mu Hausawa muna da wannan halin, muna yi da sunan wasa, ba mu san yana kashe bakin yaro ba. Haka aka yi wa 'ya'yanmu da suka taso a Makka da Jidda, haka aka yi wa waɗanda yaƙin Sudan ya koro a 2023 da Larabci a bakinsu. Ki ja 'yan'uwanki da na maigidanki gefe tun kafin ku iso, ki roƙe su su bar yaran su yi kuskure cikin kwanciyar hankali. A gida kuma daga yau ki mayar da lokacin cin abinci na Hausa zalla, ki riƙa haɗa su da kakarsu a waya su yi hira ko ta minti uku ce. Wannan zai amfani Hajiya ma, zai kuma sa yaran su san wadda ake wannan ƙaurar dominta.

Lafiya ba a yi mata sakaci. Yaranki jikinsu bai taɓa haɗuwa da zazzaɓin cizon sauro ba, ke ma ɗan sabon da jikinki ya yi da shi ya tafi a shekarun nan. Ga irinsu zazzaɓin yana iya tsananta cikin kwana ɗaya ko biyu. Yuli da Agusta da Satumba kuwa tsakiyar damina ce, lokacin da sauro ya fi yawa. Gidan sauro mai magani ga kowane gado, raga a tagogi, kuma duk zafin jiki a je a yi gwaji a ranar, ba a jira a ga yadda zai kwana. Ku ga likitanku a can wata biyu kafin tafiya don allurar shawara da katinta, da ta sanƙarau, da ta taifot, da maganin kariya na makonnin farko. In akwai mai asma a cikinsu, ƙurar hunturu tana tayar da ita, a zo da magani isasshe. Zafin Maris zuwa Mayu a Kano yana haura digiri 40, yaron da bai saba ba sai an riƙa tuna masa shan ruwa.

Na bar maganar tarbiyya zuwa nan da gangan. Ki gaya wa maigidanki, cikin ladabi da lokacin da ransa ke sanyi, cewa ya raba maganar Hajiya da maganar gyaran yarinya. Muddin 'yarku ta fahimci cewa Kano horo ce aka yanke mata, to ta tsani Kano ke nan tun ba ta sauka ba, za ta kuma riƙa ƙirga kwanakin cikarta shekara 18 ta ɗauki fasfonta. Na ga gidajen da aka yi haka, 'ya'yan suka tafi, zumuncin bai sake ɗinkuwa ba. Kuma gari ba ya tarbiyya. Wayar da ke hannun yaran Birmingham ita ce a hannun yaran Kano, abin da ake tsoro a can akwai shi a nan, wani ma a ɓoye ya fi. Yarinya mai shekara 15 da ke mayar da magana ba lalacewa ta yi ba, girma take yi, tana neman a saurare ta. Abin da gida zai ba ta na gaske shi ne dangi, da kaka, da jin kiran salla sau biyar ba tare da ta zama bare ba, da ganin mata irinta da lulluɓinsu suna likitanci suna koyarwa a jami'a. Waɗannan kyauta ne, kuma ba a miƙa kyauta da bulala a ɗaya hannun.

Akwai kuma wani tsoro da nake zaton yana ranta ko da ba ta furta ba. Yarinyar da ta taso a can ta sha jin labarin waɗanda aka kai gida hutu aka aurar. Da ta iso kuwa, ba za a yi wata uku ba sai wata gwaggo ta ce ai ta isa, ga ɗan wane. Ku cire mata wannan ƙayar tun yanzu. Mahaifinta da bakinsa ya gaya mata cewa karatunta zai ci gaba har inda take so, kuma ba mai yi mata maganar aure sai da yardarta. In ya faɗa, ya tsaya a kai ko gaban wa. Ku kuma nemi gidanku na kanku kusa da Hajiya maimakon ku sauka a cikin gidan gandu. Kusa yadda za a je da ƙafa safe da yamma, amma da ƙofar da za ku rufe, inda yaran za su yi Turancinsu, su yi kukansu, su ci abin da suka saba ba mai sa musu ido.

In an amince da jinkirin, to ku yi amfani da hutun bana ku zo na sati huɗu ko biyar. Kada ku yi zuwan baƙi na yawon gidajen dangi da rabon tsaraba. Ku zauna kamar mazauna. Ku je makarantu uku ko huɗu tare da yaran, su shiga aji, su leƙa banɗaki, su ga filin wasa, a bar kowanne ya faɗi wadda ta kwanta masa. Ki kai su Gidan Makama, ku hau Dala su ga garin daga sama, ku shiga Kurmi, su ga marinar Ƙofar Mata. Ki bar babbar ta zaɓi ɗakinta da launin fentinsa. Ku kuma yi mata alƙawarin da za ku iya cikawa, kamar intanet mai ƙarfi don ta riƙa magana da ƙawayenta, da ziyara in hali ya yi. Wanda ba za ku iya ba kada ku ɗauka, don za ta riƙe kowace kalma.

Na san mu da alkunyar ɗan fari, uwa ba ta sakin jiki da shi, wata ko sunansa ba ta kira. Ki ajiye wannan a daren nan. Ki ɗauki abincin da ta fi so ki shiga ɗakinta, ki rufe ƙofa, kada ki fara da wa'azi ko da haƙƙin iyaye. Ki ba ta labarin makonki na farko a Ingila, abin da ya ba ki tsoro da wanda ya sa ki kuka. Sannan ki tambaye ta me ta fi tsoro a tafiyar nan, ki yi shiru har ta gama, ko da abin da za ta faɗa zai yi miki zafi. Abin da ta gaya miki shi za ki ɗauka ki kai wa mahaifinta tare da maganar jarrabawar. In ya ƙi saurara daga bakinki, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko limamin masallacinku, ko ma Hajiya da kanta, don da wuya kaka ta yarda a katse karatun jikarta saboda ita. Ki sake rubuto mini bayan kun yi maganar, ina so in ji yadda kuka ƙare da batun watan Yulin.